Kwana Goma Sha Huɗu

Ba don son zane na saya ba, gaskiya ɗaya ce.
Damshi ne ya ci bangon falona,
ya bar tabo mai faɗin faranti, launin shayin da ya kwana,
mai gidan haya kuwa ya toshe kunne tun bara.
Na ce to, abin da ya ƙi wankuwa, a rufe shi.

Ƙarfe biyun dare, ruwa na dukan rufin Porto,
ina ture zanuka da babban yatsa a waya
kamar mai zaɓen kifi a kasuwar Bolhão.
Sai ga kwalekwalen masunta, kife a kan yashi,
shuɗin bayansa har cikin haƙori na ji shi.
Mai zanen Zuleica, can tsibirin São Vicente.
Yuro ɗari da tamanin, ban da kuɗin kawowa.
Na danna. Zuciyata ta ce, Ermelinda, kin zautu.

Kwana goma sha tara ina bin sawunsa:
yau Mindelo, gobe Lisbon,
jibi ya yi zaman dirshan a kwastan.
Yaron da ya hau da shi hawa huɗu
ya miƙo na sa hannu, haki bai bar shi gaisuwa ba.

Kwali cikin kwali, leda mai ƙuraje, salatif kamar ɗorin karaya.
Da na kai ga abin, gwiwata ta yi sanyi.
Ɗan mitsitsi. Ashe awon na rubuce, ni ce ban karanta ba.
An ce gani ya kori ji,
amma ganin waya ɗan'uwan ji ne:
shuɗin can ihu yake, wannan raɗa.
Na kara shi kan tabon, tabon ya leƙo ta sama da gefe
yana min gwalo.

Takardar ta ce kwana goma sha huɗu.
In bai yi miki ba, mayar yadda ya zo,
kuɗin komawa a wuyanki.

Rana ta uku na kai wa Aníbal mai firam, don jin ta bakinsa kawai.
Shagon na warin gam da garin katako.
Ya kai shi bakin taga, ya yi shiru har na ƙosa.
Ya ce, dubi nan: gashin buroshi ɗaya ya nutse a teku.
Nan kuma shatin yatsa, ta ɗauka bai bushe ba.
In na buga ƙusa fa, babu sauran mayarwa.
Na ce zan yi shawara.

Na bugo takardar mayarwa a shagon ƙasa, santi hamsin.
Na jingine zanen kan kabad, na wucin gadi.
Kyanwata ta tare a kwalin, ta yage kusurwa guda.
Da safe kwalekwalen toka-toka ne.
Da la'asar, in rana ta tsallako Douro ta shigo,
yashin sai ya kama wuta a hankali,
wata igiya da ban taɓa lura da ita ba
ta fito daga hancinsa, ta fice ta gefen zanen.
Har yau ban san abin da ta ɗaure ba.

Rana ta goma sha huɗu na dafa miyar kabeji, na yi guga,
na yi awa guda a waya kan ciwon ƙafar ƙanwata.
Ban manta ba. Kada wani ya ce mantawa na yi.

Aníbal ya zaɓi katako siriri mai duhu, babu gilashi,
wai fentin mai yana son shan iska.
Yanzu yana rataye, tabon na bisa kansa
kamar hadarin da ya taso wa wanda ya riga ya kai gaci.

Ranar Talata mai gida ya turo mai fenti, da bokiti da tsani.
Na ba shi kofi a bakin ƙofa,
na ce ya dawo wani jiƙon.