Tsakuwa a Kunne

Shekara talatin da biyu ina fito a kan Nilu,
Mai Wurno zuwa tsallake, tsallake zuwa Mai Wurno,
da jakai, da buhunan dawa,
da mata masu salati in ruwa ya kumbura.
Ko sau ɗaya kaina bai juya ba.
Sai da na jingine gora na hawo tudu
sannan ƙasa ta ari halin ruwa.

Da asuba ya fara zuwa.
Na mirgina kan gadon igiya ina laluben takalmi,
rufin ɗaki ya sauko ya zama bango,
bango ya bi ƙofa a guje.
Batula ta same ni rungume da ƙafar gado
kamar wanda ya kama ɓarawo.

A asibitin Sinnar wata likita,
autata ma ta girme ta,
ta murɗa kaina hagu da dama kamar mai tayin kankana,
ta ce, "Baba, tsakuwa ce ta goce a cikin kunne,
ba ta kai ƙwayar gero ba."
Na ce, "Ita ce ta kifar da gari ɗungum?"
Ta ce, "Ita."
Ta ƙara da cewa, "A ajiye gizago."

Ban ce to ba, ban ce a'a ba.
Na rufe ido a mota har gida.

Sassaƙa ba gadona ba ce.
Jiran fasinja ya koya mini,
da guntun bagaruwar da kogi kan kawo kyauta.
Ko muciya ban taɓa sayarwa ba.
Amma mutum ya rasa ruwa,
a ce kuma ya saki icce,
da me zai san gari ya waye?

Sai muka yi sulhu, ni da jiri.
Gizago na miƙa wa Mujtaba,
shi ke sarar fari, yana cije leɓe irin na kakansa.
Na riƙe 'yar wuƙa da magagari.
Ina zama a ƙasa, don na ƙasa ba ya faɗuwa da nisa,
bayana jikin darbejiya,
aikin a kan kifaffen turmi, daidai ƙirji,
kada kai ya sunkuya.
Salla ma a zaune. Mai ita ya san dalili.

In zai zo, yakan aiko:
wani sanyi a ƙeya, wani kuka siriri kamar sauro a tulu.
Wuƙa nake fara ajewa, bakinta na duban katanga.
Tabon babban yatsana ne malamin wannan darasi.
Tafi ɗaya a ƙasa.
Ido a kan kullin icce, baƙin nan guda,
in kafa masa kallo kamar gaɓar da zan sauka.
Tsakar gida ta wuce, kaji su wuce,
igiyar shanya ta wuce sau bakwai,
Batula ta wuce da butar gahawa a karkace
ba ta zubar da ko ɗigo ba.
Ina ƙirga. Wata rana ashirin. Wata rana na ɓata lissafi.

Akwai kwanakin da ba na fita.
Waɗannan ba su da waƙa.

Jiya na gama ɗan kwalekwale, tsawon tafi biyu,
sati shida ina rarrashinsa daga cikin aduwa.
Mujtaba ya cika daro, ya ɗora shi.
Ya karkata hagu, ya shiga zagaye,
zagaye, zagaye.
Yaro ya ce, "Kaka, shi ma jiri yake yi."
Ya kai hannu zai tare.
Na ce, "Bari. Kada ka taɓa.
Ka dai duba ko ya sha ruwa."

Ya leƙa.
Ya ce, "Bai sha ba."