Tukunya Ɗaya

A Gani, in an kashe janareton asibiti,
nakan buɗe littafin da Fada ya bari:
wasu mata ne a ƙasar Italiya,
shekara ɗari biyar baya,
suka ce Ango yana zo musu da dare
har gwiwa ta kasa ɗaukarsu.
Aka turo firistoci su tantance
ko wutar daga sama take, ko daga jini.

Ni ba wanda ya zo tambayata.
Zoben azurfa ne a yatsana,
sai carbi, sai warin aidin a tafin hannu.

Amma jiya ina durƙushe
ruwan fari ya bugi kwanon rufi,
ƙamshin ƙasa ya shigo ta taga,
jikina ya amsa kafin bakina.
Na tuna Tanimu ɗan maƙera
yana zuga, gumi na bin wuyansa.
Ban kira shi ba. Ban kuma kore shi ba.

Ya Ubangiji, tukunya ɗaya ka ba ni.
Da ita nake ɗebo maka ruwa,
a cikinta kuma ƙishin yake kwana.

Da asuba aka buga ƙofa:
Sista Kande, naƙuda ce.