Kwano Ba Ya Dawowa Wayam

Ranar da Sanda ya karɓi albashinsa na fari
ya ce, "Inna, ɗauko mayafinki mai zari,
yau a waje za mu ci."
Na ce, wajen wa? Ban ji suna ba, ban ji biki ba.
Dariya kawai ya yi, ya tsayar da babur biyu.

Nan cikin Garwa, kafin a kai gadar Binuwai,
gidan abincin 'yan Sin,
jajayen fitilu na reto kamar duma a kan danga.
Na tare yaron nan ɗan Gidar mai farar riga:
Naman nan, wa ya yanka?
Ya ce, "Hajiya, akwai kifi."
To, a kawo. Kifi ba ya jiran wuƙar kowa.

Aka miƙo mini tsinke biyu.
Ni da na yi shekara talatin
ina tuƙa tuwon mutum goma sha huɗu da muciya ɗaya,
sai ga ƙwayar shinkafa na yi mini gardama.
Na ɗauka, ta zame. Na ɗauka, ta faɗa mini a zane.
Na ajiye musu kayansu, na nemi ruwan wanke hannu.

Giwan ruwa ne, namu ne, na san shi,
na sha cinikinsa da asuba a bakin kogi,
amma ya sha citta, ya sha tafarnuwa
da wani baƙin ruwa mai gishiri,
ya zama baƙo a bakina
kamar ɗanka ya dawo daga tafiya da sabon harshe.

Takarda ta zo, na leƙa:
sefa dubu goma sha biyu.
Cefanen mako!
Na haɗiye maganar don kada in rage wa yaro tsayi.

Wajen fita ne na hangi madafa.
Wata 'yar tsohuwa, ba ta kai kafaɗata ba,
kasko ɗaya, wuta har rufi,
tana cilla shinkafa sama, tana cafewa.
Ta gan ni, ba ta kore ni ba.
Ba Hausa, ba Fulatanci, ba Faransanci,
wuta ta nuna mini, ta ɗaga hannu: ƙara.

A gida, karon farko ya caɓe.
Malam Garga ya juya cokali ya ce,
"Ashe can ma suna fate?"
Na biyu ya ƙone, har kaji suka ƙi.
Sai a na uku na gane:
ba sabuwar shinkafa take so ba, kwantai take so,
ta jiya, wadda ta huce, ta daina fushi.

Na sauko da kaskon ƙosai, na iza ice ba tausayi.
Albasar Marwa, ƙwai biyu, ɗigon man riɗi.
Baƙin ruwa kuwa ba ni da shi,
sai na jiƙa daddawa, na tace.
Na cilla. Rabi ya koma kasko, rabi na kaji.
Malam bai ce uffan ba, ƙari ya nema.

Na zuba a kwanon samira, na ɗaure da tsumma,
na ce Sanda ya kai wa tsohuwar.
Ya ce, "Inna, kai gishiri Bilma?"
Na ce, kai dai kai.

Kwana uku, kwano ya dawo da nauyi:
'yar kwalba ta baƙin ruwa,
da saƙo a bakin ɗan Gidar:
"Ta ce mene ne wannan mai wari, mai daɗi?"

Na ƙulle mata curi uku a ganye.
Har yau ban san sunanta ba.
Kwanon ya sani,
shi ke zuwa, shi ke dawowa.