Launin da Babu a Kwalba

A Trieste, ranar da iskar bora ta hana jirage barin gaɓa,
Ondina ta tura ƙofar shagon Nevio da kafaɗa,
littafi a hammatarta, naɗe cikin tsohon mayafi.

Shagon bai kai ɗakin girki faɗi ba.
Kwalabe ne jere har rufi,
kowace da sunanta manne a goshi,
duk lokacin da iska ta bugi taga sai su yi gunaguni.

"Wannan launin nake nema," in ji ta,
ta buɗe shafi.
Hannun mahaifinta ne, Tullio Pertot,
akawun sito a tashar jiragen ruwa,
shekara talatin da ɗaya yana ƙirga buhunan gahawa:
ɗari huɗu sun sauka, biyu sun jiƙe.
Can a gefe, da ƙananan baƙaƙe:
yau Ondina ta yi haƙori.

Nevio ya goge tabarau da gefen riga.
Ya sauko da masu ruwan ƙasa, ɗaya bayan ɗaya.
Ga mai kama da shayin da ya kwana,
ga mai kama da kirfa,
ga ta bayan goge da hannu ya daɗe yana shafa,
ga wadda aka tatso daga cikin wata dabbar teku
mai fesa duhu idan ta tsorata.
Ya tsoma, ya ja layi. Ya tsoma, ya ja layi.

"Wannan ta cika ja."
"Wannan kamar zuma, shi kuwa ko sukari ba ya sha."
"Wannan ta cika fara'a.
Babana ba mai yawan dariya ba ne."

Layi goma sha ɗaya a kan farar takarda,
ba wanda ya amsa sunan Tullio.

Sai tsohon ya karɓi littafin,
ya sunsuna,
ya ɗaga shafin a gaban fitila,
ya ga inda rubutu ya ci takarda har ya leƙa ta baya.
Ya daɗe bai ce uffan ba.

"Mahaifinki bai taɓa sayen tawada ruwan ƙasa ba.
Baƙa ce, mai arha, ta ofis,
wadda ake zubawa daga tulu.
Akwai ƙarfe a cikinta,
ƙarfe kuwa, kin sani, ƙarshensa tsatsa.
Shekara sittin ce ta dama wannan launi.
Ni ba ni da shekara sittin a kwalba."

Ondina ta nemi kujera.
A lokacin ne ya dawo mata:
ɗan yatsansa na tsakiya,
da baƙin tabo wanda sabulu ya gaza,
yana ɓare mata lemo a ranar Lahadi.
Yaya aka yi ta manta baƙi ne?

Ta sayi baƙar.
Kuɗinta bai kai na kofin gahawa biyu ba.
"Ki riƙa wanke alƙalamin duk mako," in ji Nevio,
"tana cin baki."
Ya ƙara mata 'yar kwalbar mai launin shayi, kyauta,
"don ranar da kika gaji da jira."

Da dare, a teburin girki,
ta murza gindin alƙalamin Tullio, ya sha, ya ƙoshi.
Ƙarƙashin buhu biyun da suka jiƙe
ta rubuta:
bora ta kwana uku,
jikata Mirta ta taka ƙafa huɗu ta faɗi.

Baƙi wuluk, yana sheƙi, ɗanye.

Ta kai hannu za ta rufe littafin,
sai ta fasa.
Ta bar shi buɗe, ta ɗan sassauta taga,
iska ta shigo ta fara aiki.