Haƙoran Takarda

Ƙarfe biyar, El Alto ba ta gama farkawa ba,
dutsen Illimani na can da farar hularsa ta ƙanƙara,
ni kuwa ina ƙofar maɗaba'ar Don Fermín
ina hura wa yatsuna numfashi.
Ya ƙirgo mini dubu, ya ɗaure da roba,
tawadar ko bushewa ba ta yi ba.
"Eulogia," in ji shi, "a hannu za ki sa,
ba a kwata ba. Likita na da ido a kasuwa."

A jikin kowace takarda akwai baki guda,
baki kawai, ba hanci, ba ido,
haƙora jere reras kamar farar masara.
A ƙasa an rubuta da ja:
Likita Aruquipa, hawa na biyu,
dubawa kyauta, cirewa rabin kuɗi.

Ni mai miƙawa, tara suka rage mini.
Shi ya sa nake jan mayafi har hanci,
mutane su ɗauka sanyi ne.
To, akwai sanyin ma.

Ina tsayawa inda ƙananan bas ke juye mutane,
yaran mota na kiran unguwanni kamar masu faɗa.
Shekara shida ta koya mini karatun hannu.
Wanda ke cikin aljihu ba ya fitowa.
Mai waya a kunne ya riga ya bar garin.
Mai goyo takan karɓa don kunya,
ɗan sanda don ya share ƙurar takalmi.
Nawa shi ne mai dafe da kunci,
ido ja, bai runtsa ba jiya:
shi ke karantawa har lambar waya.
Faɗuwar wani tashin wani,
ban dai ce ina jin daɗi ba.

Sauran, taku goma sun sake ta.
Kafin rana ta take tsaka
titi ya cika da murmushi,
ana taka shi, bai fasa ba.

Amma kar a ce takarda ta mutu a banza.
Doña Basilia mai soyayyar gyaɗa
tana tsince masu tsabta, ta naɗe su kamar ƙaho,
talla ta shiga gidajen da ban san hanyarsu ba
da gishiri a jikinta.
In gyaɗa ta fasa wa wani haƙori,
ya warware ƙunshi, ga adireshi.
Ranar da muka gano haka
ta yi dariya har hularta ta faɗi,
ni na yi tawa a bayan mayafi.

Da yamma na hau benen.
Ƙarar injinsa na shiga har ƙashi.
"Uku suka zo da takardarki yau."
Uku cikin dubu.
Ya ƙirga kuɗina a tafin hannu,
ya dubi mayafin, ya kau da kai,
ya ce, "Ke ma wata rana."
Na duba kalandar da ke bangonsa,
ban ga wata rana a ciki ba.

Bakwai na ɓoye a ƙirji, ban jefa a kwata ba,
ban kuma sa a hannu ba.
Bayansu fari ne fes,
littafi kuwa ya yi tsada,
jikana Wilmer na da lissafin gobe.

Ya gama lissafin, takarda ɗaya ta rage.
Ya ce, "Kaka, zauna, kar ki motsa."
Ya zana hula, ya zana kitso biyu,
ya zana ido, ya bar wajen baki wayam.
Na ce, "Ka manta wani abu."
Bai amsa ba.
Ya ɗaga takardar saitin fitila,
haske ya ratso ta,
haƙoran ɗaya gefen suka fito
daidai inda ya bar musu wuri.

Na daɗe ina kallon matar nan.
Sai na sauke mayafin.