Dikiri

Hindatu ta dawo daga boko, littafi a hammata,
ta same ni a zaure, nan Rafin Daɗi,
ina ɗaure ƙafar tabarau da zare.
Ta ce, "Kaka, an ce mu kawo ma'anar dikiri,
mu sa shi cikin jimla guda."

Zauna, jikata.
Wannan da yatsuna goma na san shi.
Shekara ashirin da bakwai ina dukan tafireta
a ɗakin da tagarsa ke kallon Ƙofar Soro.

Kalmar ta Turawa ce,
amma ba a bakinsu na fara jin ta ba.
Rediyo ya kawo ta, da sassafe,
bayan badujala,
sanye da kaki.

Gwaggo Tabawa na tankaɗe a tsakar gida,
ta ɗaga hannu duk gari, ta ce, "Madalla,
soja sun kama zikiri!"
Ba wanda ya yi dariya da ƙarfi.
Ƙanena Abashe ya ce shi digiri ya sani,
wanda ake zuwa Zariya a karɓo.
Harafi ɗaya ya raba su, Hindatu.
Zikiri kai kake yinsa,
digiri kai kake nemansa,
dikiri kana zaune zai yi maka sallama,
kuma ba ya jiran ka amsa.

Kada ki haɗa shi da doka.
Doka ana zama a kanta, a yi musu,
wani ya yi fushi, a ɗage sai Talata.
Kada ki haɗa shi da oda.
Oda ta daɗe da mu, ta zama 'yar gida,
har Alhaji Mati na odar taya daga Legas.
Umarni kuwa yana da fuska:
in babanki ya ce ki ɗebo ruwa
kina ganin idonsa,
kina iya cewa bari in sauke tukunya.
Dikiri ba shi da ido.
Lamba gare shi, da shekara, da hatimi,
da sa hannun da ba ya karantuwa.

Wata Alhamis sakatare ya ajiye min takarda,
ya ce a mai da ita Hausa don mai shela:
duk rumfar da ke bakin titi
ta tashi kafin Litinin.
Na sa kabon, na buga biyar.
Ban yi kuskuren ko harafi ba,
har ya yaba.

Da la'asar tayar kekena ta sace.
Na tura ta rumfar Mani mai faci,
ya tsoma tub a ruwan kwano yana neman kumfa,
ya ce, "Malam Sanda, yau me kuka buga?"
Na ce, "Aikin gwamnati ne."
Ya liƙe, ya ba ta iska,
ya ce in kawo kuɗin ƙarshen wata.

Ran Litinin na bi ta wata hanya.
Ran Talata ma.
Da na bi, sai ramukan dirkoki huɗu
da baƙin mai a ƙasa.
Wasu sun ce Jibiya ya koma,
wasu sun ce ya tsallaka Maraɗi.
Ban bincika ba. Wannan ba dikiri ya hana ni ba.

To, rubuta jimlarki:
Dikiri ya fito ranar Alhamis.

Ta rubuta, ta ɓata fuska,
ta ce malaminsu ba ya son gajeriyar jimla.
Na ce ai ta ishe shi.

Ta ciji gindin biro, ta daɗe tana kallona.
"Kaka, nawa ne kuɗin facin?"
Na ce, kwabo talatin.
Ta rubuta shi ƙanana a gefen shafi,
inda malam ba ya sa maki.