Bututu Huɗu a Mexicali

Yaretzi ta ɗaga bonet, zafi ya mare ta.
A garin nan ko inuwa gumi take yi,
balle tsohuwar Datsun
da aka dasa wa zuciyar da ta fi ƙirjinta.

Bututun hayaƙi huɗu, sababbi, tsirara,
sun gasa wayar filogi har ta yi ƙauri,
fetur na tafasa tun bai kai kabureta ba.

Ta jiƙa ƙyallen zaren gilashi a bokiti.
Daga bakin injin ta faro,
kowane zagaye ya hau rabin na baya,
ta ja, ta ɗaure da wayar ƙarfe.
Ƙaiƙayi har gwiwar hannu.

Babanta Fidencio na kan kujera, bai ce uffan ba.
Haka ta naɗe masa damtse bara,
ran da ƙarfen nan ya lashe shi.

Faifan alminiyam tsakanin wuta da sitata,
ratar yatsa biyu don iska ta ratsa.

Ta tayar.
Ƙyallen ya yi hayaƙi, ya yi wari, ya lafa.
Tsohon ya taso,
ya ɗora tafin hannu bisa bonet,
ya daɗe bai janye ba.